Takun Umma a Korido

Litinin, bayan la'asar

Likitan ƙashi ya sa an ɗauke ni hoto a tsaye, daga ƙugu har idon sawu, ya manna hoton a jikin fitila, ya ja layi da rula. A ƙafar kirki, in ji shi, nauyin jiki ta tsakiyar gwiwa yake sauka. Nawa ya karkata ciki, don ƙafata ta dama ta lanƙwashe kamar baka. Shi ya sa guringuntsin ɓangaren ciki ya cinye, na waje kuwa yana nan kamar ba a taɓa taka shi ba. Ya daɗe yana yi mini bayanin yadda kaya ke sauka a kan ginshiƙi. Na bar shi ya gama. Duba gine-ginen da suka tsage shi ne aikin da nake ci da shi, amma mutum in yana jin daɗin rularsa ba a katse shi.

Hanya biyu ce. Ta farko, a cire gwiwar a sa ta ƙarfe da roba. Ya leƙa fayil ɗina ya wuce wurin da sauri. Wani ya gaya masa labarin Umma ke nan.

"Ko ba don komai ba, shekarunki ba su kai ba, Injiniya," ya ce. "Gwiwar ƙarfe tana da wa'adi. Ke arba'in da 'yan kai, za ki cinye ta ki dawo."

Ta biyu, a bar mini gwiwata. A yanka ƙashin ƙwauri a ƙasa da ita, a buɗa shi kaɗan kamar an sa weji, a riƙe da falan ƙarfe da kusoshi. Ƙafar ta miƙe, nauyin ya koma ɓangaren da ke da lafiya.

"Sai dai wannan ba ya jira," ya ce. "Ranar da ɓangaren waje ya fara ci, ƙofar ta rufe. Sai ƙarfe."

Na tambaye shi ko tafiyata za ta canja. Ya yi murmushin mai ba da kyauta.

"Ai ɗingishin nan ki yi ban kwana da shi."

Na ce zan yi tunani. Daga yau sunansa Kafinta.

Da na shigo gida na bi korido zuwa kicin, na ji Baba daga ɗakinsa yana ce wa Auta, "Manaja ta dawo."

Talata, da safe

Gwiwa: lafiya lau.

Talata, bayan azahar, a ofis

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda nake rubuta rahoton gini, in huta.

Shekara ɗaya da wani abu ke nan tun da muka kai Umma a canja mata gwiwa, muka dawo da jakarta. Baba ba ya gani tun kafin nan, kuma tunaninsa ya fara yoyo. Mun gaya masa ta rasu. Washegari ya tambaya, muka sake gaya masa. Kowace safiya sabuwa ce a wurinsa, da kukanta da ƙin cin abincinta, har likitansa ya ce mu daina, ba tausayi ba ne, azaba ce.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Gwiwata ta tsananta a watannin nan, na fara jan ƙafa. Ƙafar Umma ce na gada, har lanƙwasar. Koridonmu tayil ne, ɗakin Baba kafet. Wata yamma na wuce da silifas, na ji ya ce, "Manaja, sai yanzu?" Haka yake kiranta tun muna yara. A ranar ya cinye abincinsa.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar sauti a gidan rediyo, kunnensa bai tsufa ba. Ya san takun ƙanena Auta, ya san na Yaya, ya san mai kawo gas tun daga ƙofar waje. Nawa ne kawai ya ɓace masa, ya koma na wata.

To ga tsarin gidan yanzu. A korido ba na magana. In zan shiga wurinsa, sai in cire silifas tun daga falo, in lallaɓa da safa ina dafa bango, in bayyana a kan kafet a matsayin 'yarsa. Sai ya ce, "Uwata, uwarki ta wuce yanzu, ko leƙowa ba ta yi ba." Sai in ce, "Ka san ta, Baba." Ban taɓa ce masa tana nan ba. Ina riƙe da wannan kamar takardar shaida. Tafiya kawai nake yi a gidan ubana.

Ƙarshen rahoto.

Alhamis, bayan magariba

Na gaya musu. Yaya ta zo daga gidanta takanas, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

"Ba wanda zai sake shiga ɗakin tiyata a gidan nan," ta ce.

"Ba irin na Umma ba ne, Yaya. Ba za a cire komai ba."

"Za a kwantar da ke?"

"Za a kwantar."

"Za a sa wuƙa?"

"Zarto ma."

"To iri ɗaya ne."

Auta yana cin gyaɗa a bakin taga, ya ce, "Yaya, ki bar ta a gyara ta. Jiya na ga ta hau matakala kamar tsohuwar mota a kan tudu, har na so in sa mata dutse a baya."

"Kai rufe mana baki. Ba ka san komai ba sai ci."

Dukanmu mun san ba a kan zarto ake magana ba. Yaya ce ta faɗa, ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofa.

"Shi fa? In ya daina jin ta, me za mu ce masa? Kin manta abin da yake maimaitawa duk sanda muka gaya masa? 'Ni na ce ta je.' Shi ya lallashe ta, yana ce mata za ta dawo tana tsalle. Kina so ya koma can?"

Ban manta ba.

Juma'a, da safe

Gwiwa: lafiya lau. Na sha ƙwaya biyu a kan lafiyar.

Asabar, da hantsi

Auta ya kawo dabara, yana ta murna kamar ya ƙirƙiro lantarki. A naɗi takuna a waya kafin aikin, a ɓoye ƙaramar lasifika a bayan tukunyar fulawa a korido, a riƙa kunnawa safe da yamma.

Na ce masa wauta ce. Sannan na sa silifas.

Ya kwanta rub da ciki a kan tayil da waya a hannu, ni kuma ina kai da kawowa, yana ba ni umarni da yatsa kamar mai shirya fim. Baba yana barcin hantsi. Da muka gama Auta ya ce mu gwada, muka zauna a falo, ya danna.

Ban shirya ba. Ban taɓa jin sa daga waje ba. Taku ɗaya mai nauyi, sannan jan silifa, sannan ɗan tsayawar nan kamar mai tuna wani abu da ta bari a wuta. Ta fito daga wajen ɗakinta, ta bi korido, ta nufi kicin. Ni ina zaune, ƙafafuna biyu a gabana ina kallonsu.

Auta ya daina dariya. Ya ce bari ya duba ko ya rufe famfo.

Lahadi, bayan la'asar

Mun kunna wa Baba. Ina zaune kusa da shi a kan kafet ina yanke masa farce, Auta yana falo da waya.

Ya ɗaga kai. Ya saurara. Fuskarsa ta koma irin ta da, ta lokacin da yake dawowa daga aiki yana mitar yaran zamani.

"Wa ke kunna tef a gidan nan?"

Na ce, "Tef kuma, Baba?"

"An kusantar da makirfo da yawa, sautin duk ya yi kauri. Kuma daga wuri ɗaya yake fitowa. Mutum in yana tafiya, sautinsa tafiya yake. Wannan a tsaye yake yana tafiya. Wane sakarai ne ya yi wannan aikin?"

Na kusa yin dariya, wallahi. 'Ya'ya uku, digiri huɗu a tsakaninmu, muka rasa wanda za mu yaudara da naɗaɗɗen sauti sai shi.

Sai ya janye hannunsa daga nawa.

"Uwata, me ya sa za a naɗi takun uwarki?"

"Wasa Auta yake yi."

"Ba a naɗar abin da ake da shi. Mu a wurin aiki, tsofaffi muke bi da tef, waɗanda muke jin sun kusa." Numfashinsa ya fara sauri. "Ina take? Kira mini ita."

Na fita da safa, na je falo, na sa silifas, na bi korido a hankali har kicin. Na buɗe firiji na rufe. Na tsaya a can har na ji ya ce wa Auta ya miƙo masa ruwa.

Litinin, da safe

Na kira asibiti na ce a ɗage. Sakatariyar Kafinta ta ce zuwa yaushe? Na ce zan kira.

Laraba, bayan magariba

Na lura na fara ajiye cokula yadda take ajiyewa, baki ƙasa. Ban san yaushe na fara ba.

Asabar, da rana

Gwiwa: ba a tambaye ta ba.

Talata, da yamma

Yau a wurin aiki. Wata makaranta ce mai hawa biyu, bangon matakala ya tsage daga sama har ƙasa. Shugaban makarantar ya sa an shafe tsagar da siminti an yi fenti, yana nuna mini da alfahari. Na ce masa fenti ba ya ɗaukar kaya. Na yi masa lacca mai kyau a kan mutanen da ke jira sai abu ya faɗo. Ina saukowa, gwiwar ta ƙi. Ba zafi ba ne, ƙi ne kawai, kamar an zare mata fulogi. Na zauna daɓas a kan matakala a gaban shugaban da malamai biyu.

"Sannu, Injiniya," ya ce. "A kawo siminti?"

Ya ci wannan.

Alhamis, da hantsi

Kafinta ya sake ɗaukar hoto. Bai yi wasa da rula ba yau.

"Har yanzu ana iya yi," ya ce. "Amma ba zan ce miki haka ba in kika dawo bayan wasu watanni. Mene ne ainihin abin da ke riƙe ki? Tsoro ne? Na san abin da ya faru da mahaifiyarki. Za mu ba ki maganin tsinka jini, za mu tashe ki tsaye tun washegari."

Na ce ba tsoro ba ne, akwai wanda ke amfani da ƙafar.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ga ba zan ƙara ba.

"To ki gaya masa in ya ci gaba da amfani da ita haka, ku biyu za ku rasa ta."

Na sa hannu. Litinin mai zuwa.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya ba ta yi mini magana ba, amma ta aiko da sabon zane da flas. A gidanmu haka ake cewa na yarda, Allah ya isa.

Lahadi, kafin magariba

Na haɗa jaka. Ba waccan jakar ba, na sayi wata.

Na bi koridon fiye da yadda ake bukata yau. Na kai kofi kicin, na dawo na ɗauki cokali, na koma. Baba ya ce wa Auta, "Yau Manaja ba ta zauna ba. Ko baƙi za a yi?"

Na shiga na ce masa aiki zai kai ni wani gari na 'yan kwanaki. Ya sa mini albarka, ya ce in kula da direbobi. Wannan ƙarya ce cikakkiya, ta farko. Takardar shaidata ta yage.

Laraba, da rana, a asibiti

An yi. Ƙafar tana naɗe kamar jariri, tana kuka kamar jariri. Kafinta ya nuna mini hoton: falan ƙarfe a jikin ƙashi, kusoshi a jere, layinsa ya bi inda yake so. Aiki mai tsabta. Da ɗan kwangila ne da na sa masa hannu.

Asibitin dabam ne, na tabbatar da haka tun farko. Amma warin ɗaya ne, labulen kore iri ɗaya, kuma keken da ake tura magani yana kuka da ƙafa ɗaya kamar wancan. Jiya wata nas ta shigo ta ce, "Mama, a tashi a gwada tsayuwa." Waccan ranar ta Umma ma da wannan maganar aka fara.

Na tsaya. Ba abin da ya faru. Na ci gaba da tsayuwa ina jiran abin ya faru, har nas ɗin ta ce ya isa.

Alhamis, da safe

Matar da ke gadon kusa da ni an sa mata gwiwar ƙarfe, tana ta waya tana ba jikokinta labari. 'Yarta tana ɓare mata lemo. Na juya wajen bango. Ba ruwana da lemon mutane.

Alhamis, bayan la'asar

Auta ya zo, bai kawo wasa ba.

Baba ya daina ci tun Talata. Ya sa an juya masa kujera tana fuskantar ƙofa. Ba ya yarda a kunna fanka, wai tana rufe masa kunne.

Yaya ta gwada. Ta sa silifas ɗina ta bi korido tana ɗingishi. Baba ya ɗaga murya: "Wace marar kunya ce ke kwaikwayon uwarku? Ciwo abin wasa ne?" Yaya ta shige banɗaki ta yi kuka, ta fito ta zagi Auta.

"To me kuka ce masa?" na tambaya.

Auta ya sosa ƙeya. "Ya matsa mini, Anti. Ya riƙe mini riga. Sai na ce tana asibiti, an yi mata aikin gwiwa."

"Auta!"

"Me zan ce? Shi ne ya zo bakina."

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Ya sake ni. Tun daga nan yake zaune, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran a kira lambarsa."

Mun mayar da shi ranar da muka yi shekara muna janye shi daga cikinta.

Juma'a, da rana

Sun ce gobe.

Asabar, bayan magariba, a gida

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, don haka zan bi shi daki-daki.

Auta ya buɗe ƙofa. Sanduna biyu a hammata, ƙafar dama a sama ba ta taɓa ƙasa. A kan tayil sautin ba na kowa ba ne: ƙwas, sannan tsalle, ƙwas, sannan tsalle. Na yi niyyar in wuce ɗakina in huta, in shiga wurinsa daga baya in ce na dawo daga tafiya.

Ina tsakiyar korido sai ga shi a bakin ƙofarsa. Baba, da ba ya fita ɗakin nan sai an riƙe shi. Ya tsaya da hularsa a kai, ya sa ta da kansa, a karkace.

Na tsaya. Yaya tana bayana, na ji ta kama bakinta.

Ya miƙo hannu yana lalube. Bai sami fuskata ba, sandar ya samu. Ya shafa ta daga sama zuwa ƙasa, ya taɓa robar hannun, ya riƙe.

"An yi ke nan," ya ce.

Ban yi magana ba. A korido ba na magana.

"Kin gani ko, Manaja? Ban ce miki ba? Kina ta tsoro, kina ta raba kayanki. Ban ce miki za ki dawo ba?"

Yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce kar in ce komai, in je in kwanta, magana ta jira. Ya juya ya daka wa Auta tsawa ya kawar da tukunyar fulawar nan kafin ta kayar da uwarsa. Sannan ya ce yunwa yake ji.

Ya ci faranti biyu. Ni ban taɓa nawa ba.

Lahadi, da safe

Ban san tana raba kayanta ba. Na tambayi Yaya. Ta ce, "'Yan kunnen da ke kunnenki fa, a ina kika samu?"

Talata, da hantsi

Malamar motsa jiki ta fara zuwa gida. Gajeriya ce, muryarta ta fi ta tsawo. Auta ya raɗa mata Saja.

"Lanƙwasa. Ƙara. Ban ce ki yi mini fuska ba, gwiwa na ce."

Na roƙe ta kar ta kira ni da komai in muna korido. Ta ce ita ba ta kiran marasa lafiya da suna dama, duk "ke" ne. Mun dace.

Baba yana aiko da saƙo ta bakina. "Uwata, ki ce wa uwarki kar ta yi gardama da malamar nan." Sai in ce zan faɗa. Shiga wurinsa ya zama aiki: in bar sanduna a falo, Auta ya turo ni a kujerar ofis mai taya har kan kafet. Baba ya ce me ya sa kujera ke yawo a gidan nan? Auta ya ce gyara ake yi. Gaskiya ne ma.

Juma'a, bayan la'asar

Ya tambaya me ya sa ba ta shigo ta zauna da shi ba. Na ce ka san ta, Baba. Ya ce, "Fushi take, don na yi gaskiya." Ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Laraba, da rana

Kwanaki sun shige juna, ban rubuta ba. Lanƙwasa, miƙe, ƙanƙara, ƙwaya. Kafinta ya ce ƙashi yana cike gurbin da ya buɗa, in fara ɗora nauyi kaɗan-kaɗan. Zafin nan na ciki, wanda na saba da shi kamar maƙwabcin banza, babu shi. Akwai zafin yanka, amma shi baƙo ne, ya san zai tafi.

Na ce wa Saja ina jin ƙafar kamar ba tawa ba. Ta ce duk haka suke cewa.

Asabar, da safe

Sanda ɗaya.

Litinin, bayan azahar

Yau Saja ta kama ni. Ina tafiya a falo, ta ce tsaya.

"Wa ya ce ki ja ta? Ƙafar nan a miƙe take. Ba abin da ke jan ta sai kanki."

"Sabo ne."

"To ki saba da wani. Mutumin nan bai fasa miki ƙashi don ki koma tafiyar tsofaffi ba. Dunduniya, tafin ƙafa, yatsu. Sake."

Na sake. Ta ce yawwa. Na ji kamar na bar wani a tasha.

Alhamis, kafin magariba

Gwiwa: lafiya lau. Wannan karon da gaske, kuma ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Lahadi, da hantsi

Baba ya kira Auta ya ce a mayar masa da kujera wajen taga, a kunna fanka.

Ina zaune a kan kafet, ya ce, "Uwata, kin lura kwana biyu ba a jin sandar uwarki?"

Na ce na lura.

"Ta warke ke nan." Ya gyaɗa kai. "Ke ba ki san ta da ƙafa ba. Lokacin da na aure ta, matar nan ba ta zama. Gidan wannan, asibitin wancan, kasuwa, makaranta. Ciwon nan ne ya ɗaure mana ita a gida, muka ɗauka hali ne. Yanzu kam sai mu gan ta in ta ga dama."

"Ba ka damu ba, Baba?"

"In damu da me? Ai don haka na ce ta je."

Ya nemi shayi. Ya sha duka. Yaya ta dube ni, na dubi taga.

Talata, bayan la'asar

Kwanaki ke nan da Saja ta ce in ajiye sandar a cikin gida, in riƙa gajeriyar tafiya, in dafa bango in na gaji, amma da safa nake ta lallaɓawa.

Gidan ba kowa sai ni da shi, Auta ya fita. Na sa silifas na tsaya a bakin korido. Dunduniya, tafin ƙafa, yatsu. Na je har kicin ina saurare. Na dawo ina saurare. Wata mata ce ke tafiya, a hankali, taku daidai da taku, ba ta tsayawa tuna komai. Ban san ta ba. Na sake zuwa na dawo, ko za a dace. Ba kowa a koridon sai ita.

Duk shekarar nan na ɗauka Baba nake yi wa.

Na jingina da bango kusa da ƙofarsa. Sai na ji ya ce, "Wa ke nan?"

Na yi shiru, don sabo.

"Na ce wa ke nan? Ban san takun nan ba."

"Ni ce, Baba."

Muryata ta yi ƙara a kan tayil, ban san haka take yi ba.

"Uwata? Ashe haka tafiyarki take." Ya gyara zama. "Ba laifi. Kina taka ƙasa kamar kin biya ta."

"Kana son wani abu?"

"A'a. In kin je wajen ƙofar gaba ki tura ta, iska na shigowa. Amma kar ki sa sakata. Ba ta ɗauki makulli ba."

Na je na tura ƙofar. Na daɗe a tsaye da hannuna a kan sakatar.

Ban sa ba.